Fata Mai Tsaka-Tsakin Ruwa: Yadda Za Ki Zaɓi Hoda, Mayafi da Kalar Gashi

Mata biyu za su iya zama wankan tarwaɗa dukansu, haskensu ɗaya, su sayi hoda lamba ɗaya a shago ɗaya. Ɗaya ta shafa ta zauna mata ɗas, ɗayar kuwa fuskarta ta yi jajawur, wuyanta ya tsaya daban. Ba hasken fata ne ya raba su ba, ruwan fatar ne, wato launin da ke kwance a ƙarƙashin baƙi ko farin da ido yake fara gani. Haske yana hawa yana sauka: ranar bazara ta ƙona ki ki yi duhu, a killace ki mako biyu ana miki dilka da halawa ki washe. Ruwan fata kuwa yana nan yadda Allah ya yi shi.

Abubuwa uku ne suke haɗuwa su ba da shi. Akwai sinadarin melanin, wanda shi kansa iri biyu ne, ɗaya baƙi zuwa ruwan ƙasa, ɗaya ja zuwa rawaya. Akwai jinin da ke gudana a ƙananan jijiyoyi kusa da saman fata. Sai ɗan rawayan karotin da jiki ke samu daga abinci irin su manja da karas. Wadda rawaya da ruwan zinare suka rinjaya a fatarta, ana cewa ruwanta mai ɗumi ne. Wadda ja mai ɗaukar shuɗi ya rinjaya, mai sanyi ne. Wadda kuma ba wanda ya rinjayi wani, ita ce mai tsaka-tsaki, kuma da ita nake magana.

Za ki sha jin masu sayar da kayan kwalliya suna cewa, "Ai ke Hajiya kin huta, komai kika sa ya karɓe ki." Rabin gaskiya ce. Fata mai tsaka-tsaki ba ta faɗa da kala, amma duk kalar da ta raɓe ta sai ta ja ta zuwa wani ɓangare. Saboda haka aikinki ba haddace jerin kalolin da aka halatta miki ba ne. Aikinki shi ne ki san abin da ya fi kusa da fuskarki a ranar, ki sa sauran kwalliyar ta bi shi. A wurinmu kuwa abin nan ba gashi ba ne, mayafi ne ko hijabi ko ɗankwali.

Da farko ki tabbatar cewa tsaka-tsakin ce ke

Ki wanke fuska, ki bar ta kamar minti 20 ba mai ba hoda, domin cuɗa tana kawo jini sama, kowa sai ta yi ja. Ki ɗauki madubi ki zauna bakin taga ko inuwar baranda da hantsi. Kada ki shiga tsakiyar rana, kada kuma ki yi a ƙarƙashin ƙwan lantarki. Idan kika duba kwalin ƙwai za ki ga lamba da harafin K: mai 2700 haskensa rawaya ne, kowa mai ɗumi ne a ƙarƙashinsa, mai 6500 kuma fari ne mai ɗaukar shuɗi, yana sa fuska ta yi toka-toka. In za ki sa wa madubin ɗakinki ƙwai, nemi mai kusan 5000. Kyamarar waya ma kada ki dogara da ita, tana gyara launi da kanta ba tare da ta tambaye ki ba.

Gwajin da ya fi yawo a intanet shi ne na jijiyoyin tsintsiyar hannu: kore ɗumi, shuɗi sanyi, in kin kasa bambancewa tsaka-tsaki. An tsara shi ne don masu fata fara sol. Yawancinmu jijiyar ma da ƙyar ake ganinta, sai mace ta kasa bambancewa ta ɗauka ita tsaka-tsaki ce alhali duhun fata ne ya rufe. Ki bar shi.

Wanda ya fi aiki shi ne na ƙyalle. Ki rufe gashinki da duk kayan da ke jikinki, sannan ki yafa farin yadi tas a ƙarƙashin haɓa, irin farar shaddar da aka sa wa bula. Ki cire, ki sa mai ruwan madara. Daga nan ki gwada ruwan goro mai ƙarfi da ruwan hoda mai ƙarfi, sai sarƙar zinare da ta azurfa. Ba kyan ƙyallen za ki kalla ba, wurare huɗu za ki sa wa ido: ƙarƙashin ido, gefen baki, farin ido, da haƙora. Kalar da ba ta karɓe ki ba tana ƙara duhun ƙarƙashin ido, ta fito da tabon ƙuraje, ta sa haƙora su yi rawaya. Idan kowane biyu kika gwada sai ki ga bambancin kaɗan ne, ko kuma ɗaya ya gyara nan ɗayan ya gyara can, to alama ta fara nunawa. Ki kira wata mai faɗin gaskiya ta tsaya nesa da ke kamar taku biyar ta duba. Ƙanwa ta fi ƙawa amfani a nan, ita ba ta jin nauyinki.

Shaida mafi ƙarfi tana cikin akwatin kwalliyarki. Tuna duk hoda da fandeshin (wato man kwalliya mai launin fata da ake shafawa kafin hoda) da kika taɓa saya kika watsar. Idan wasu sun mai da ke ruwan lemo, wasu kuma sun mai da ke ja ko toka, ba a taɓa samun wanda ya zauna ba sai kin haɗa biyu, to kusan magana ta ƙare.

Akwai tarko biyu. Na farko fata mai ɗan kore-kore a ƙasa, wadda masu kwalliya ke dangantawa da ruwan zaitun. Ita ma fandeshin mai ɗumi da mai sanyi duk ba sa zama mata, shi ya sa ake rikita ta da tsaka-tsaki. Abin da zai bambanta su shi ne, ko fandeshin na tsaka-tsakin ta shafa sai ta ga ya yi mata ja-ja. Maganinta ɗigon shuɗin sinadarin gauraya fandeshin, irin wanda kamfanin L.A. Girl ke yi, ƙanƙani kamar kan allura a cikin abin da za ta shafa sau ɗaya.

Na biyu man bilicin. Mayukan da ke ɗauke da haidirokwinon ko sitiroyid ko makuri suna sa fata ta yi siriri, kumatu su yi ja, korayen jijiyoyi su fito, gaɓoɓin yatsu su yi baƙi. Fuskar da ke cikin wannan hali ba za ta gaya miki ruwanta na asali ba, kuma duk hodar da kika daidaita yau, bayan wata biyu ta daina daidai. Hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kan waɗannan mayuka. Wadda ta daɗe tana shafa mai sitiroyid ta ga likitan fata kafin ta yanke shi lokaci ɗaya, domin yankewar ma tana da nata rikicin.

Kafin ki tashi daga gaban madubin, lura da abu ɗaya: da wuya a samu wadda ta tsaya a tsakiya cif. Yawanci akwai ɗan karkata. Idan zinare ya ɗan fi azurfa haska ki ko da kaɗan ne, riƙe wannan a ranki, shi zai raba miki gardama duk ranar da kala biyu suka yi kunnen doki.

Fandeshin da hoda: nan ne kawai ba ki da sassauci

A tufafi kina da faɗin zaɓi, a nan kuwa babu. Wadda ruwan fatarta mai ɗumi ne za ta iya shafa abin da ya ɗan wuce nata ɗumin ba a lura ba, ke kuwa ko ta wane gefe aka kauce sai ya nuna.

Kamfanoni da yawa suna sa harafi kusa da lamba: W ɗumi, C sanyi, N tsaka-tsaki. L'Oréal True Match haka yake. Ke N za ki fara nema. Amma ki kiyayi MAC, nasu tsarin a juye yake: NC na masu rawaya da ruwan zinare ne, NW kuma na masu ja-ja. Mata da yawa sun sayi NW45 suna zaton na masu rawaya ne, suka koma gida da fuska ja. Mai tsaka-tsaki sau da yawa tana faɗawa tsakanin biyun, sai ta haɗa. Wasu kuma, irin su Maybelline Fit Me, sun fi dogara da lamba da suna, sai an shafa ake sanin inda suka karkata. Tun da Fenty Beauty ta fito da kala 40 a shekarar 2017 sauran kamfanoni suka faɗaɗa nasu, ga kuma na gida irin su Zaron da House of Tara da aka haɗa tun asali don fatar baƙar mace. Zaɓi ya samu, saura iya gwaji.

Kada ki gwada a bayan hannu, launinsa ba na fuska ba ne. Ki zaɓi uku da kike zato, ki ja layi uku a jere daga kunci, su ratsa muƙamuƙi su sauka kan wuya. Ki fita daga shagon, ki tsaya a inuwa ki duba da ƙaramin madubi. Wanda ya ɓace shi ne naki. Sannan ki jira minti 15 ki sake dubawa, domin fandeshin yana haɗuwa da iska da maiƙon fuska ya ƙara duhu, yawanci ya karkata zuwa ruwan lemo. Mai shago zai ce, "Wallahi wannan ne kalarki, Anti." Ki ce masa za ki zaga ki dawo.

Masu sa hijabi kullum suna da wata matsala ta daban: fuska tana shan rana, wuya da ƙirji suna ɓoye, sai fuskar ta fi su duhu. Ranar da za ki fita da hijabi ki daidaita da fuska, tunda ita kaɗai ake gani, sai hannuwa. Ranar bikin mata da za ki sa riga mai buɗaɗɗen wuya, ki zaɓi abin da ya faɗa tsakanin fuska da ƙirji, ki gangaro da shi har wuya. Haka kuma yawancin baƙaƙen fuskoki ba launi ɗaya ba ne: goshi da gefen baki sun fi duhu, tsakiya ta fi haske. Kala ɗaya a ko'ina tana shafe fuska ta zama kamar allo. Kwalba biyu, ɗaya ta ɗan fi ɗaya duhu, sun fi kwalba ɗaya mai tsada. Su ne kuma za su raka ki shekara: a bazara ki ƙara mai duhun, a damina da hunturu ki ƙara mai hasken.

Hunturu na yaudarar mutane. Fata ta bushe ta yi fari-fari, mace ta ɗauka ruwanta ya koma sanyi ko hodarta ta lalace. Bushewa ce kawai. Ki shafa mai tun da ɗan damshin wanka a jiki, ɗan man kaɗe ma ya isa in fuskarki ba mai ƙuraje ba ce, ki bari ya shiga kafin ki ɗora komai.

Hodar da ake ɗorawa a sama ita ce take ɓata aikin da aka gama. Rawayar hodar nan da ake kira banana tana jan ki zuwa ɗumi, in kika cika ta a ƙarƙashin ido sai tsakiyar fuska ta yi rawaya, gefe ya tsaya launinsa. Farar hoda mai silika kuma, da duk abin da ke ɗauke da zinki ko titaniyom na kariyar rana, suna mayar da hasken filashi, a hoto ki fito fari fat alhali a ido lafiya lau kike. Ki nemi hoda mai launin fatarki, ki sa kaɗan. In biki ne, ki yi cikakkiyar kwalliyar kwana biyu kafin ranar, ki kashe wuta a ɗauke ki hoto da filashi. Konsila, wato abin rufe tabo da duhun ƙarƙashin ido, kada ta wuce fatarki haske da mataki ɗaya ko biyu. In duhun ƙarƙashin ido ya yi yawa, ba ƙarin haske yake so ba, ɗan ruwan lemo za ki fara shafawa siriri ya kashe duhun, sannan konsila ta hau.

Jabu kuma sun cika kasuwa, kuma ba su da amana a kala: lamba ɗaya, kwalba biyu, launi biyu. In kin samu wanda ya zauna miki, riƙe shagon da kika saya.

Mayafi ne shugaba

A shekarar 1824 aka naɗa wani masanin sinadarai, Michel-Eugène Chevreul, shugaban sashen rini a masaƙar Gobelins da ke Faris. Masaƙa suka kawo masa ƙara cewa baƙin zare ba ya yin baƙi sosai. Ya bincika ya ga rinin lafiyarsa ƙalau, zaren shuɗi da shunayya da ake saƙawa kusa da shi ne suke sa ido ya gan shi daban. A 1839 ya wallafa bayanin: duk launi biyu da suka yi maƙwabtaka, kowanne yana tura ɗan'uwansa zuwa kishiyarsa a idon mai kallo. Abin da ke faruwa tsakanin fuskarki da mayafinki ke nan. Shuɗi mai ƙarfi yana fito da ɗumin fatarki, ruwan goro mai ƙarfi yana iya sa ta yi toka. In yadin mai sheƙi ne, irin shadda Getzner ko satin, akwai ƙarin abu: yana haska launinsa kai tsaye a ƙarƙashin haɓa da kumatu. Fatar da ta riga ta karkata tana jure wannan. Taki da ke tsakiya ita ta fi saurin bi.

Shi ya sa kalolin da su ma suke tsakiya suka fi kwanciya a kanki: kore mai ɗaukar shuɗi, ja na gaskiya wanda bai karkata zuwa lemo ko shunayya ba, ruwan zoɓo, ruwan hanta, ruwan hoda mai ɗan ƙura, koren ganye mai duhu, ruwan madara. A ganina babu kamar shuɗin baba, irin na marinar Ƙofar Mata a Kano da ake rini a cikinta tun 1498. Duhunsa yana da zurfi amma ba shi da kaifi, yana fito da ɗumin fata daidai gwargwado, kuma yana tafiya da zinare da azurfa duka.

Bayan wannan, abin da zai yanke miki hukunci shi ne tazarar da ke tsakanin hasken fatarki da hasken yadin. In ke baƙa ce mai sheƙi, kaloli masu ƙarfi da fari tas da ruwan ƙwai naki ne, abin gudu shi ne masu duhu marasa rai, irin ruwan ƙasa mai duhu da ruwan siminti, su haɗe da fuskarki a rasa inda ta fara. In fara ce ke, tsanwa da lemo masu ƙyalli suna cinye ki, a ga kaya kafin a gan ki, sai ki sauko zuwa masu laushi ko ki hau zuwa masu duhu sosai. Wankan tarwaɗa ita ta fi kowa faɗin fili, ita ce kuma ta fi faɗawa ramin da ya fi kowane zurfi: hijabi mai ruwan ƙasa daidai da launin fata. Ana yayinsa, yana da kyau a kan rataye, amma daga nesa fuska da hijabi suna zama abu ɗaya. In kina son ruwan ƙasa, ki ɗauki wanda ya fi ki haske sosai ko ya fi ki duhu sosai.

Baƙin hijabi da baƙar abaya ba su da laifi, sai dai suna ƙara nuna gajiya da duhun ido. Hular ciki mai ruwan madara ko ruwan hoda da ta ɗan leƙo a goshi tana gyara wannan. Lafaya kuwa, da yake tana naɗe jiki duka har kai, ba ta bar miki wurin gyara, don haka ita ce kayan da bai kamata ki saya ba tare da kin kara a fuska ba.

Atamfa mai kala biyar ko shida tana rikita mutum a kusa. Ki sa yaron shago ya ware turmin ya ja baya, ki ɗan runtse ido har zanen ya dushe. Kalar da ta rage a idonki ita ce kalar atamfar, ita za ki auna da fuskarki. Mayafi kuma ki ɗauko shi daga ƙaramar kalar da ke cikin zanen, ba babbar ba. A Kantin Kwari da sauran manyan kasuwanni shaguna da yawa hasken lantarki ne a ciki dare da rana, leshin da kika gani ruwan zoɓo a ciki yana iya fitowa ruwan hanta a waje. Ki roƙi a fito miki da shi bakin layi. Masu haɗa lefe ma da za su riƙa tambayar wata daga dangin amarya wace kala ke karɓarta, da an rage atamfofin da ke tsufa a akwati ba a ɗinka ba.

Sai anko, wanda ba ke kika zaɓa ba. A ce ƙawayen amarya sun fitar da leshi ruwan goro mai ƙarfi, kin kara kin ga ya kashe miki fuska. Kada ki fasa biki. Ki raba shi da fuskarki: tela ya buɗe wuyan rigar ko ya yi masa baki da yadi mai ruwan madara ko zinare, gwaggwaro ko mayafi ki ɗauki wanda ya karɓe ki in an bar wannan a buɗe, in kuma har ɗankwalin anko ne, ki tura ɗaurin baya kaɗan, ki sa manyan 'yan kunne su shiga tsakani.

Janbaki da sauran kwalliya su bi bayan mayafi

Da yake ɗumi da sanyi duk suna zama miki, jarabar ita ce ki haɗa su a fuska ɗaya: fatar ido ruwan zinare, kumatu ruwan hoda, janbaki shunayya, mayafi ruwan goro. Kowanne shi kaɗai ya dace, a haɗe kuwa hayaniya ce. Ki sa kaya tukuna, ko aƙalla ki yafa mayafin, sannan ki buɗe akwatin kwalliya. Mayafi mai ɗumi, sai kumatu su ɗauki ruwan jar ƙasa, fatar ido ruwan tagulla, leɓe ja mai ɗaukar ruwan ƙasa. Mayafi mai sanyi, sai kumatu ruwan zoɓo mai laushi, ido ruwan toka mai ɗaukar ƙasa, leɓe ruwan hanta ko ja mai ɗaukar shuɗi irin Ruby Woo na MAC, wanda kuma yake sa haƙora su ƙara fari a ido.

Leɓen yawancinmu kala biyu ne, na sama ya fi duhu, na ƙasa yana da ja a tsakiya. Janbaki mai haske in ya hau kai tsaye sai ya fito iri biyu. Ki fara zagaye leɓen da fensir mai ruwan ƙasa wanda ya ɗan fi fatarki duhu, ki shigo da shi ciki kaɗan, ki sa janbakin a tsakiya, ki haɗa da yatsa. Janbakin yau da kullum da ba ya nuna an shafa, ki auna shi da launin cikin leɓenki na ƙasa, ba da launin fatar fuska ba. Duk wanda ya fi fatarki haske ba tare da fensir ba, zai sa ki yi kamar mai jinya.

Jagira ruwan ƙasa mai duhu ta fi baƙa wuluk, sai dai in ke baƙa ce sosai. Kwalli baƙi yana karɓar kowa, amma na dutse da ake niƙawa sau da yawa yana ɗauke da gubar dalma, saboda haka fensirin ido mai lambar NAFDAC ya fi aminci, jarirai kuwa kada a sa musu na dutsen sam. Sarƙa da awarwaro, zinare da azurfa duk naki ne, har kina iya haɗa su a hannu ɗaya, abin da ba kowa yake yi wa kyau ba.

Gashi da lalle

Gashi a gida ake ganinsa da wurin taron mata, amma a nan ma yana zagaye da fuska kamar yadda mayafi ke yi. Lambobin da za ki gani a kan gashin kanti kusan iri ɗaya ne ko'ina: 1 baƙi wuluk mai ɗaukar shuɗi, 1B baƙi mai laushi irin na halitta, 2 da 4 ruwan ƙasa mai duhu zuwa matsakaici, 33 ruwan ƙasa mai ja, 99J ruwan zoɓo mai duhu, 30 ja-ja mai haske, 27 ruwan zuma, 613 fari-rawaya. Mai tsaka-tsaki ta fi samun kwanciyar hankali a 1B da 2 da 4, in tana son canji sai 33 ko 99J. Lamba 1 tana ƙara kaifin duk wani layi da duhu a fuska. Su 27 da 30 sun fi kyau a tsilla-tsilla cikin gashi mai duhu, ko daga tsakiyar kitso zuwa jela, ta yadda baƙin ne zai taɓa goshi. Maganar hukuncin ƙarin gashi da rina furfura da baƙi kuwa ta malamai ce, da yawansu sun hana, sai kowa ta tambayi wanda ta amince da iliminsa. Masu kitso da zaren ulu ma waɗannan kalolin za su yi musu jagora.

Lalle a kan baƙin gashi ba ya haska shi, ɗan ja yake ba shi da ake gani a rana, kuma wannan yana karɓar ki. A kan furfura ne yake fitowa ruwan lemo ƙarara. In ba kya son haka, ki gauraya shi da garin baba ya ba ki ruwan ƙasa, yawan baban yawan duhun. Rinin kanti kuma, musamman baƙi, yawanci yana da sinadarin PPD da ke sa wa wasu kumburi da ƙaiƙayi mai tsanani. Ki shafa kaɗan a bayan kunne ki jira awa 48 kafin ki sa a kai, ko da kin taɓa amfani da shi a baya. In kin sa man miƙar da gashi, ki bar aƙalla mako biyu kafin rini, in ba haka ba gashin zai karye.

Wannan gargaɗin ya shafi baƙin lallen hannu, domin sau da yawa da rinin gashi ake haɗa shi. Ta fuskar kala, ja da baƙi duk suna fitowa a hannunki, jan ya fi nunawa a tafin hannu da kan yatsu, baƙin ya fi nunawa a bayan hannu in fatar tana da duhu. Amarya ta gwada baƙin a ɗan wuri mako guda kafin ranar sa lalle, ba a daren ba.

Ki ajiye abin da kika gano

Ido yana mantuwa da kala da zarar an bar wurin. Duk kayan da kika sa aka yi ta ce miki "yau kin yi kyau" ba "kayan nan sun yi kyau" ba, ki karɓi guntun ƙyallensa wurin tela. Ki manna guntayen a kan kwali mai girman tafin hannu, a bayansa ki rubuta suna da lambar fandeshinki na bazara da na hunturu, da na hoda, da janbaki biyu da suka fi zama miki. Ki bar shi cikin jakar da kike zuwa kasuwa da ita. In za ki yi saye ta WhatsApp ko Instagram, ki ce mai kayan ta ɗauki yadin a waje cikin inuwa, ta ajiye farar takarda a gefensa. In takardar ta fito rawaya ko shuɗi a hoton, yadin ma ba ainihin kalarsa kike gani ba, sai ta sake ɗauka.